Ranar da Aka Sayar da Zabuwar Kaka

Bara da hutun makaranta 'ya'yan ƙanwata biyu suka zo mana daga Yamai, na tafi da su kasuwa ranar Lahadi su taya ni. Ko hantsi bai yi ba babbar ta yi miƙa ta ce, "Tanti Ramatu, ashe sana'arku zama ce kawai. A shimfiɗa tabarma, a zauna, masu saye su zo." Na miƙa mata wuƙa da rabin kabewa, na ce ta fitar mini da yanka takwas kai ɗaya. Ta fitar da biyar, da wani abu mai kama da kunnen jaki. Ƙaramar kuma ta kasa tumatir kashi huɗu, wani mai amalanke ya wuce can nesa, duka huɗun suka gangara ƙarƙashin rumfar maƙwabciyata. Dariya ta hana ni yi musu bayani ran nan. Shi ne na ce bari in rubuta, su karanta a can inda ba za su ga haƙorana ba.

A hannun Kaka Zaliha na koya, mahaifiyar babana. Tana da ɗan lambu a cikin dallol, wato kwarin tsohon gulbin da ya ƙafe, bayan garin Filinge a ƙasar Kurfai, inda rijiya ba ta da zurfi. Lokacin soja ke mulki, ni kuma ina aji shida a lakwal. Ranar Lahadi babu karatu, ita ce kuma ranar kasuwa, saboda haka da an yi sallar asuba muke ɗora wa jaki kaya.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Tabarma, da duwatsu huɗu na danne ta, waɗanda muke ɓoyewa a gindin dogon-yaro daga Lahadi zuwa Lahadi. Faifai uku. Ƙwaryar ruwa da guntuwar tsintsiya ta yayyafa wa ganye. Sai wuƙar Kaka, wadda wasawa ta cinye har ta koma siririya kamar ganyen albasa. Ko babana ba ya taɓa ta. Ni wanke ta kawai nake yi in mayar cikin kubenta.

Kashi na fara koya. Tumatir uku a ƙasa, gindinsu a kife, na huɗu a bisa, ya zauna daram ko jaki ya yi tuntuɓe da tabarmar. Kashi bakwai a layi dole su zo kai ɗaya, domin mace za ta tsaya tana auna su da ido; in ɗaya ya fi, shi za ta ɗauka, ta bayanta ta ɗauki mai bi masa, na ƙarshe ya yini yana kallonki. Wanda ya ƙuje kuma ba a ɓoye shi a ƙasa. Gefe ake ajiye shi, a nuna wa mai saye da yatsa. Kaka takan ce, "Wadda kinka ɓoye ma ruɓaɓɓe yau, gobe da sahe tana bakin rijiya da mata goma."

Kabewa ita da kunne ake sanin ta. Ki ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ɗanya tana amsawa a sama-sama, wadda ta ƙosa kuwa can ciki take amsawa, kamar tulu mai rabin ruwa. Sai ki danna farce a fatarta. In ya shiga, ki mayar da ita ki ba ta haƙuri.

Sai gyara, wato ɗan ƙarin da mai kaya ke ɗora wa mai saye bayan ciniki ya faɗa. Yara na zaton watsa shi ake yi kawai. Kaka ba ta bayar da shi sai mai saye ya ɗauki kwandonsa ya juya baya. A nan za ta kira shi, ta zaɓi mai kyau, ba ragowa ba, ta sa masa da hannunta. Ta ce abin da aka ba mutum a ƙarshe shi yake kaiwa gida a ransa. Kuma duk wanda ya saya yana da gyara, ko da jiya ya zage ki.

Layinmu na masu lambu ne, kowa abin da ya noma yake kasawa, shi ya sa kowa ke ji da kayansa kamar 'ya'yan cikinsa. A damanmu akwai Hajo mai tumatir da tattasai, a hagu Gado mai albasa. Gado yakan goge albasa ɗaya-ɗaya da hannun rigarsa har ta yi ƙyalli, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Can gaba kuma mutanen Bonkuku ne da dankalin turawansu, waɗanda in ka ce ka taɓa cin wanda ya fi nasu sai su daina amsa gaisuwarka. Tun safe ake tsokanar juna.

"Gado, wagga albasa ce ko ƙwan kurciya?"

"Matso da hancinki, Hajo, ki yi kukan da kinka ƙi yi ranar aurenki."

"Na yi kukana, ba a gayyace ka ba ne."

Ni kuwa a tsakiyar wannan hayaniya ba na iya buɗe baki. In mai saye ya tambaye ni kuɗin kashi sai in dubi ƙafarsa, har Kaka ta amsa. Ta haka na san takalman rabin garin: wa ya ɗinke nasa da waya, wa ya aro na wansa. Kaka takan nuna ni ta ce, "Ga ɗiyar lakwal. Ta san sunan gulaben ƙasar Faransa dut, ba ta iya ce ma mutum kabewa."

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta yi ruwa kaɗan ta ɗauke. Rijiyar lambu ta yi ƙasa, aka yi ta ƙara igiya har guga ya koma fitowa da laka. Kasuwa ta zama ta ramammun dabbobi da hatsin agaji. Layinmu ya rage tabarma uku, muna kasa busasshiyar kuɓewa da garin kuka. Gado ya tafi cin rani. Gidaje da yawa suka soya irin da suka ajiye suka ba yara. Namu kuwa ɓeraye suka huda goran da muke ajiye shi suka cinye. Da Kaka ta zazzage kayan ɗakinta kaf, ƙwaya uku ta samu na irin Zabuwa, a cikin wani tsohon tandun kwalli.

Zabuwa kabewa ce da Kaka ta gada daga mahaifiyarta. Tana da dogon wuya, fatarta da ɗigo-ɗigon fari kamar gashin zabo, daga nan sunan ya fito. Cikinta ja ne kamar manja, ba ta sakin ruwa a miya, yanka ɗaya yana ɗaure tukunya. Kafin fari har daga Tabla ake zuwa neman ta.

Da abubuwa suka lafa, hukuma ta yi kiran a koma noman rani, aka yashe rijiyoyi, Kaka ta shuka ƙwayoyin nan uku. Ɗaya ba ta fito ba. Ta biyu tsutsa ta yanke ta. Ta uku ta yi yaɗo ta ba da 'ya'ya biyu, akuyar maƙwabta ta cinye ɗaya. Wadda ta rage Kaka ta kewaye ta da ƙaya, da rana ta kifa mata faifai kamar malafa, da safe ta gaishe ta kafin ta gaishe mu. A duk inda muka sani, cikin kabewar nan kaɗai irin Zabuwa ya rage.

To, a layinmu akwai wata al'ada. Kabewar da aka ware don iri ana kai ta kasuwa sau ɗaya kafin a fasa ta, a ɗaura mata jan tsumma a wuya. Duk ɗan kasuwar ya san ma'anarsa: mai jan tsumma ba ta sayarwa ba ce. A duba, a yaba, a wuce. In kuma aka ga an kwance tsumman, mai ita ya sake ta ke nan. Babana ya roƙi Kaka ta bar wannan a gida.

Ta ce, "Sun ce Zabuwa ta mutu. Hajo da bakinta ta yi min ta'aziyya. Za ta tahi ta gaishe su."

Ranar ba a ɗora ta a jaki ba, a bayanta Kaka ta goya ta da zane. Da aka kwance ta aka zaunar a kan gammo, Hajo ta rangaɗa guɗa. Gado, wanda ya dawo da sabuwar hula, ya cire hular ya rusuna ya ce, "Hajiya, barka da sauka. Ya hanya?" Mata masu nono suka sauke ƙorensu suka zo kallo. Mutanen Bonkuku ma suka aiko mutum ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya tafi bai ce komai ba, wanda a wurinsu babban yabo ne. Kaka sai fara'a take, bakinta ya ƙi rufuwa.

Hajo ta ce, "Zaliha, ita ɗaya ta tsira?"

"Ɗaya? Ƙannenta goma na kwance lambu. Wagga ce ƙaramarsu ma."

Na dubi ƙafar Kaka, na ga babban yatsanta yana tona ƙasa.

Da azahar ta tafi salla gidan wata ƙawarta a bayan kasuwa, ta ce in tsare Zabuwa, kada in bari kowa ya ɗaga. Ina zaune ina kallon tsumman. Hannuwan masu yabo sun ɓata shi da ruwan tumatir da ƙasa, ƙudaje sun taru a kai. Kabewa irin wannan da ƙazamin tsumma a wuya, abin ya tsaya mini a ido. Na kwance shi, na wanke a ƙwaryar yayyafi, na shanya a kan dutse a bayana. Da zafin ranar nan, na ce kafin Kaka ta sallame ya bushe.

Sai ga wani baƙo a kan keke, da farar riga da takalmin roba mai tabon ƙuna a ɗan yatsa. Ya tsaya, ya dubi Zabuwa, ya ce, "Yarinya, nawa wannan?"

Na dubi takalminsa.

Ya faɗi kuɗi. Ban ɗago ba. Ya ƙara. Maganar tana nan a maƙogwarona, ba ta sayarwa ba ce, kalma biyar kacal, amma ta ƙi hawowa. Ya sake ƙarawa, ya yi dariya ya ce, "Kai, 'yar nan ta iya ciniki. Ko kallona ba ta yi."

A kasuwa in maƙwabciyarki ba ta nan, ke ce mai kayanta, kina sayar mata kafin ki sayar da naki. Hajo ta waiwayo, ta ga wuyan Zabuwa babu tsumma. Ta tuna da ƙanne goma da ke kwance a lambu. Nan take ta gyara ɗaurin zane ta shigo cinikin.

"Albarka, ta ce maka. Ba ka ji ba? Ɗiyar lakwal ce, da ido take magana."

Gado ma ya matso. "Malam, wagga kabewa ko a Yamai sai manya. Ƙara mata, kada ta yi hushi."

Suka yi ta ja da shi, yana ƙarawa suna cewa albarka, har Hajo ta tafa hannu ta ce, "Ta sallama." Ya ajiye kuɗi a tabarma, ya ɗaure Zabuwa a bayan keke da roba, Hajo ta kira shi ta ba shi gyaran tattasai daga nata kayan. Ni ina kallon tayar baya tana juyawa. A cikin wayoyinta wani ɗan fure ya maƙale, ruwan hoda, siriri kamar takarda.

Kaka ta dawo tana jan carbi. Ta dubi gammo. Ta dube ni.

"Ina take?"

Hajo ta ce, "Zaliha, zauna ki ji. Jikarki ta yi miki cinikin da ke ba ki taɓa yi ba, kuma ko baki ba ta buɗe ba."

Idon Kaka ya sauka a kan jan tsumman da ke shanye a bayana, ya bushe tsaf, ya yi kyau. Ta zauna a kan tabarma a hankali.

"Hajo, ba ta da ƙanne."

"Kin ce goma."

"Na ce."

Gado ya sake cire hularsa. Kowa a nan ya san abin da ake yi da cikin kabewa a gidan da ba na manoma ba: a kwashe a watsa wa kaji. Aka shiga tambayar wa ya san mutumin. Babu wanda ya san shi. Wani ya ce ya yi wajen tasha, wani ya ce wajen asibiti.

Na matsa kusa da kunnen Kaka na ce mata akwai fure a tayarsa, mai kama da takarda, kuma gida ɗaya ne a garin nan ke da shi a kan katanga. Kullum ina wuce shi in zan tafi lakwal.

"Wane gida?"

"Gidan Ajidan."

Gado ya ce, "Innalillahi."

Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. Ajidan ɗin nan wani soja ne baƙo da aka kawo garin, dogo, mai baƙin tabarau. Shi ne aka ce ya sa mahauta tsallen kwaɗo saboda ƙazantar kwata. In motarsa ta biyo layi, masu hira sukan tuna suna da aiki a gida. Ba a zuwa ƙofarsa sai an kira mutum, wanda aka kira kuma yakan yi sallama da iyalinsa tukuna.

Kaka ta miƙe, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta cusa jan tsumman a ƙugu. "Naman shi ci, Allah shi sa albarka. Ɗiyan nike so."

Gado ya buga ƙirji ya ce ba za a ce mazan layin nan sun bar tsohuwa ta tafi ita kaɗai ba. Mu goma sha ɗaya muka fita daga kasuwa, har da masu nono biyu da mutumin Bonkuku, ana tafe ana tsara abin da za a faɗa wa Ajidan. Kafin mu kai gidan waya mun koma huɗu. Gado ya tuna bai yayyafa wa albasarsa ruwa ba, albasar da tun da nake ban taɓa ganin an yayyafa mata ruwa ba. Hajo ta kai har kwanar gidan, ta tsaya tana gyara ɗankwali, ta ce, "Ku shiga, ni ina nan ina tsare muku hanya."

Ni da Kaka muka isa ƙofa, furannin nan suna zubo mana a ka. Mai keken ne ya leƙo, ashe kukun gidan ne. Ya ce, "A'a, mai tsadar ciniki. Ai an sallama, ko?" Daga bayan gida wata murya ta ce, "Wane ne? Shigo da su."

Muka zagaya. Zabuwa na kan tebur an raba ta biyu, jan cikinta yana ɗaukar ido. A gefen randa wani mutum ya tsuguna, da singileti da gajeren wando, babu tabarau, yana korar kaji da ƙafa ɗaya. Sai da ya ɗago na gane Ajidan ne. Tasa ce a gabansa. Ya wanke 'ya'yan kabewar tas, yana jera su ɗaya bayan ɗaya a kan wani fallen kwano da ke shimfiɗe a rana.

Kaka ta durƙusa ta yi gaisuwa. Ya amsa. Ya ce, "To, tsohuwa, me ke tafe da ku?"

Matar da ake jin muryarta daga layin lambu har mahauta ta buɗe baki ta rufe. Ta sake buɗewa. Babu abin da ya fito.

Ni dai ƙafarsa nake kallo, kamar yadda na saba. Kusa da ƙafar ga kwanon. Ruwan da ke jikin 'ya'yan yana bushewa nan take, na farkon har gefensu ya fara yin fari.

Na ce, "Za su gasu."

"Me kika ce?"

"Kwanon ya yi zafi. Za su gasu, ba za su tsiro ba."

Ya ɗora tafin hannu a kan kwanon, ya janye da sauri yana yarfewa. Ya dube ni. "To yaya ake yi?"

Na ce a kan faifai ake shanyawa, a inuwa, inda iska ke wucewa. A barbaɗa musu toka mai sanyi saboda ƙwari. A juya safe da yamma har kwana bakwai. Ba a sa su a gora, ɓera na hudawa, sai kwalba. Ban san inda maganar take fitowa ba, tana ta zuwa kamar an fasa tulu.

Ajidan ya ce, "Kuku, faifai. Da toka. Yi sauri."

Mu uku muka tsuguna muna kwashe su daga kwanon, soja da tsohuwa da ni, kaji suna zagaye mu. Ina matsa kowace ƙwaya tsakanin yatsu biyu, mai ciki in sa a faifai, shafaffiya in jefa wa kaji. Ya ga yadda nake yi, shi ma ya kama, yana nuna mini wadda ya yi shakka. Yana yi yana ba mu labari. Mahaifinsa mai lambu ne a bakin gulbi, can kudu. Ya ce yana ɗaki ya ji ƙarar shigar wuƙa, ya san ba kabewar banza aka fasa ba, ya fito da gudu kafin kuku ya zubar da cikin.

A nan muryar Kaka ta dawo. Ta kwance kuɗin daga bakin zane ta ajiye a gabansa.

"Ranka shi daɗe, nama anka sayar. Ɗiyan ba su cikin ciniki."

Ya ce, "Wanda ya sayi kabewa ai da cikinta ya saya."

Kaka ta zaro jan tsumman ta shimfiɗa a ƙasa. Ta gaya masa ma'anarsa, da yadda aka yi ya bar wuyan Zabuwa. Ta gaya masa ƙwaya uku da tandun kwalli da akuyar maƙwabta. Har ƙanne goma ta faɗa, ba ta rage wa kanta komai ba. Ta ce, "In ba waɗanga ba, ta ƙare a Kurfai dut."

Ya daɗe yana kallon faifan. Kuku ya tsaya da wuƙa a hannu. Ni na koma kallon ƙafa.

Sai ya turo faifan gaban Kaka, ya turo kuɗin ma. "Kuɗin na nama ne, naman kuma yau za mu ci shi. Ɗauki 'ya'yanki."

Kaka ta juye su cikin jan tsumman da tokarsu, ta ƙulle, ta yi godiya, ta miƙe. Muka kama hanyar ƙofa. Ajidan na tsugune inda muka bar shi, yana kallon faifai wayam. Sai da muka kai bakin ƙofa Kaka ta tsaya, ta juya, kamar yadda take yi a kasuwa.

"Ranka shi daɗe."

Ya taso. Ta kwance ƙullin, ta tona da yatsa, ta zaɓi bakwai mafiya ƙiba, ta zuba masa a tafi.

"Wanda ya saya yana da gyara."

Da hannu biyu ya karɓa. Ya yi godiya da harshen garinsu, ya ce, "Fofo, Inna." Ita kuma ta leƙa ta bayansa ta ce wa kuku kada ya cika wa miyar ruwa, ba irin kabewar garinsu ba ce.

A kwana muka tarar da Hajo tana nan tana tsaron hanya. Da ta ga ƙullin ta saki guɗa tun daga nan har kasuwa. Gado ya tarye mu da sanda a hannu, ya ce yanzu yake shirin biyo mu. Kafin la'asar labarin ya zama Kaka ta tsawata wa Ajidan. Kafin Lahadi ta zagayo, har ya durƙusa ya nemi gafara. Kaka ba ta gyara wa kowa ba, ba ta kuma ce ni na yi magana ba. Amma ranar Lahadin, da aka sauke kabewa ta farko, sai ta zaro wuƙar nan daga kube ta miƙo mini ta wajen ƙota. Ta ce, "Takwas. Kai ɗaya." Na fitar da bakwai da kunnen jaki.

Ajidan an ɗauke shi daga garin kafin damina, ba mu sake jin labarinsa ba. Soja suka tafi, farar hula suka zo, aka yi ta juyawa. Kaka ta rasu, lambu da wuƙa suka dawo hannuna, Zabuwa kuma ba ta sake yankewa ba. Yanzu kwalba uku nake ajiye irinta, a gida uku.

Shekarun baya na bar wa maƙwabciyata rumfa na tafi Baleyara sayen buhuna. A bakin kasuwa na ga wani saurayi ya sauke kabewa daga mota ya jera. Dogon wuya, ɗigon fari. Na tsuguna na ƙwanƙwasa ɗaya, ta amsa mini can ciki.

Ya ce, "Hajiya, ki saya ki gwada. Irin bakin gulbi ne, ku mutanen tudu ba ku san shi ba."

Na ce, "Haka ne? Ina kuka samo shi?"

"Wani tsohon soja ne a garinmu ya kawo, tun ba a haife ni ba. Kowa yanzu ita yake nomawa. 'Yar Ajidan muke ce mata."

A saman tarin akwai wata babba, an zaunar da ita a kan gammo ita kaɗai. Na nuna ta na ce, "Waccan fa, nawa?"

"A'a, Hajiya. Ba ki ga jan tsumma a wuyanta ba? Mai jan tsumma ba ta sayarwa ba ce. Haka muka tarar ana yi."

Na sayi biyu daga ƙannenta. Na ɗauka, na juya baya, ya kira ni ya ƙara mini yanka ɗaya. Na ce masa tsumman nan ya yi datti ƙwarai, amma ko me zai faru, kada ya kuskura ya wanke shi.